Ranar da Aka Mai da Bakatsine Baƙo

Na yi shekarun aikina ina koyar da labarin ƙasa a makarantun sakandare, mafi yawansu kuma a Gwagwalada na yi su, tun garin bai wuce tasha da kasuwa da 'yan gidajen ma'aikata ba. A tsawon wannan lokaci babu darasin da ya wahalar da ni kamar wanda ya shafi kalmar ƙasa ita kanta. Bahaushe ya ɗora wa kalmar nan kaya fiye da ƙarfinta. Abin da manomi yake sara da fartanya ƙasa ne. Yankin da mutane suka gada daga kakanni, suke magana da harshe ɗaya a cikinsa, kamar ƙasar Katsina ko ƙasar Nufe, shi ma ƙasa ne. Sa'an nan wadda take da tuta da soja da jami'an kan iyaka, ita ma ƙasa ce. Nakan ce wa ɗalibaina su lura da bambancin ta biyu da ta uku. Ta biyu al'umma ce, haihuwa da zaman tare suka yi ta. Ta uku hukuma ce, da alƙalami aka shata ta, jihohin da ke cikinta kuwa yanka ne da aka yi domin sauƙin mulki. Wani lokaci al'umma da hukuma sukan dace, sau da yawa ba sa dacewa. Yara suna rubutawa, suna cin jarrabawa, ni ina zaton sun fahimta. Sai da na yi ritaya, furfura ta gama rufe ni, sa'an nan ɗaya daga cikinsu ya tsaya gaban jama'a ya fitar da aminina daga ƙungiyar da shi aminin nawa ya kafa da hannunsa.

Mu Katsinawan da muka riga saura sauka a Gwagwalada, lokacin da ake ta fasa duwatsu domin gina babban birni, ba mu da yawa. Akwai malaman makaranta irina, da direbobin tifa, da tela ɗaya, da masu awon hatsi a bakin kasuwa. Masu garin sun karɓe mu da mutunci, amma kowa yana da danginsa da za su tsaya masa idan ta ɓaci, mu kuwa namu suna can nesa. Wata rana wani lebura ɗan wajen Jibiya ya rasu a ɗakin da yake haya, aka rasa wanda zai ce nawa ne. Wani mai sayar da gero ne ya rufe rumfarsa, ya bi mu ɗaya bayan ɗaya. Ni har cikin aji ya sa aka kira ni.

Ya ce, "Bakatsine ya kwanta dama, ga Katsinawa cikin gari, a ce babu mai ɗauka tai? Wagga kunya tamu ce."

Shi ya yi wa gawar wanka, shi ya sayo likkafani. Da muka dawo daga maƙabarta muka zauna a rumfarsa, muka yi alkawarin haɗuwa kowane wata, domin kada irin wannan ta sake samun mu a warwatse. Mafarin ƙungiyarmu ke nan. Ba mu raɗa mata wani dogon suna ba. Cewa kawai muke yi, yau akwai zaman Katsinawa.

Mai geron nan mutumin Maraɗi ne. Can aka haife shi, a ƙetaren iyaka, cikin Jamhuriyar Nijar. Bai taɓa ɓoye wannan ba, babu kuma wanda ya ga abin tambaya a ciki. Duk wanda ya tashi a ƙasar Katsina ya san mutanen Maraɗi Katsinawa ne, waɗanda kakanninsu suka yi arewa da sarautarsu bayan jihadi, har yau kuma Sarkin Katsina ake ce wa sarkinsu. Gwaggona a can ta yi aure, a can ta rasu. Katsinancin da ke bakinsa ya fi nawa tsarki, domin ni Hausar littafi ta goge mini harshe, shi kuwa har gobe "tahi" yake cewa, "shina zuwa" yake cewa, ya kuma ƙi kiran ma'aunin hatsi mudu kamar mutanen Abuja, sai dai tiya. Abu ɗaya ne yake nuna Faransawa sun ratsa garinsu: ba ya ce mini Malam. Mushe yake ce mini, yadda suke kiran malamin boko a can. Ni kuwa tun da ya sauke farali nake ce masa Alhaji.

Kusa da rumfarsa akwai wata Banufiya mai sayar da busasshen kifi, sa'armu ce, bakinta ba ya hutawa. Tsakanin Nufawa da Katsinawa akwai wasa tun kaka da kakanni, kowane ɓangare yana da'awar shi ne ubangijin ɗayan. Idan na iso rumfar da yamma sai ta ɗaga murya yadda rabin layin zai ji.

"Ga bawana na biyu ya iso! Malam, haka ake zuwa gaishe da uwargijiya, hannu rabbana?"

In ce, "Hajiya, a wace ƙasa ubangiji yake kai wa baiwarsa gaisuwa?"

"Ji shi, da biro a aljihu kamar mai arziki. Kai kuma na Maraɗi, auno mini geron kunu, kada in sa a sayar da kai in sayi man ja."

Alhaji ya ce, "Ki sayar mana. Sai mu ga wa za shi tsare miki kihi in kin tahi salla."

A cikin wannan muka tsufa. Ƙungiya ta bunƙasa, rumfa ta kasa ɗaukar mu, muka koma yin zama a wani aji na makarantar firamare ranar Lahadi da yamma. Mun yi suna, mun yi biki, mun raba rigingimu da hukumar kasuwa, mun kai mutane da yawa makwancinsu. Alhaji ne babba a cikinmu, saboda haka shi yake buɗe kowane zama da addu'a, kuma ba ya rufe addu'ar sai ya ambaci matattunmu ɗaya bayan ɗaya. Daga baya sunan matarsa ya shiga cikinsu. A nan Gwagwalada muka binne ta. 'Ya'yansa mata ne, duk sun yi aure, wadda ta fi kusa tana Karu. 'Yan'uwansa na Maraɗi sun ƙare. Idan ya je can ta'aziyya, 'ya'yansu Alhajin Nijeriya suke ce masa, su shimfiɗa masa tabarmar baƙi. Wannan zama na wata-wata shi ne danginsa da suka rage, kowa kuma ya san haka.

Da ƙarfi ya fara barin mu, muka miƙa ragamar ga yara, kamar yadda ya dace. Suka zaɓi wani ɗan kwangila ya zama ciyaman. Sakatare kuwa ɗan telan nan ne da aka kafa ƙungiya da shi, Allah ya jiƙansa. A Gwagwalada aka haifi yaron, ranar sunansa Alhaji ne ya riƙe ragon aka yanka, ni kuma na koyar da shi labarin ƙasa shekara da shekaru. Ya yi karatu, ya sami aiki a wata ma'aikata cikin birni, yana da ladabi daidai gwargwado. Katsina kuwa sai da salla yake leƙa ta. Hausarsa irin ta Abuja ce, rabi Turanci, kuma idan ya ce "ƙungiya ya yanke shawara" sai in ji kunnena ya yi zafi.

Wata rana da la'asar ya same ni a gida, ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce akwai maganar da yake so in ji kafin ta je taro. Za su yi wa ƙungiya rajista, su rubuta mata tsarin mulki, domin manyan da ke zuwa daga gida su san da ita. Na ce madalla. Ya ce sai dai sunan zai ɗan sauya. Maimakon Katsinawa, za a ce 'yan asalin jihar Katsina, kuma wanda duk ba ɗan asalin ɗaya daga cikin ƙananan hukumomin jihar ba ne, ba zai zama mamba ba.

Na ce, "Alhaji fa?"

Ya sunkuyar da kai. "Baba, shi ya sa na zo. Ka san Baba Alhaji ba ɗan ƙasa ba ne."

"Wace ƙasar?"

"Nijeriya mana, Baba."

"Ƙungiyar 'yan Nijeriya ubanka ya kafa da shi, ko ta Katsinawa?"

Ya ce shi ma abin yana damun sa, amma manya ba sa hulɗa da ƙungiyar da ba ta jiha ba, kuma ga yadda zamani ya zama. Lokacin kuwa gwamnatocin ƙasashen biyu sun sami saɓani, an rufe iyaka, ana ta maganganu a rediyo. Na sallame shi ban ba shi hannu ba.

Washegari na je rumfa na gaya wa Alhaji komai, ban rage ba. Yana cikin auna wa wata mata dawa, bai ko ɗago ba. Da ta tafi ya ce, "Mushe, kai dai akwai ka da tada hankali. Yara na, ɗiyanmu na. Ba su yi." Ranar zama ya zo da babbar rigarsa ta salla, an yi mata guga, ya zauna a kujerar da ya saba.

Zafin Gwagwalada ya cika ajin, fanka ba ta aiki, mutane sun fi na kullum yawa, har wasu suna tsaye a bakin taga. Alhaji ya buɗe da addu'a. Ya roƙi zaman lafiya ga Nijeriya da Nijar, ya ambaci matattu, aka shafa. Sakatare ya miƙe ya karanta sabon tsarin, sashe bayan sashe. Da ya iso kan sharaɗin zama mamba sai ya ƙara sauri, kamar mai tsallake kwata. Na ɗaga hannu. Ciyaman ya yi kamar bai gani ba, na miƙe ba tare da izininsa ba.

Na ce, "'Yan'uwa, ni da nake tsaye gabanku an haife ni a Lardin Katsina, cikin Jihar Arewa. Ina makaranta aka wayi gari aka ce ni ɗan Arewa ta Tsakiya ne. Na kama aiki aka ce a'a, ɗan Kaduna ne. Ina nan Gwagwalada, ina zaune a rumfar wannan bawan Allah, muka ji a rediyonsa an yi jihar Katsina. Ɗakin da uwata ta haife ni bai gusa daga inda yake ba. Duk sunayen nan an sa mini su an cire kamar hula, amma ranar da aka ce ni ɗan Kaduna ne ban daina zama Bakatsine ba. Ƙungiyar nan ta girmi jihar da kuke so ku auna ta da ita. Gobe idan wani mai mulki ya ga dama ya raba jihar biyu, ya ba Funtuwa tata, za ku kori rabin ɗakin nan?"

Ciyaman ya yi murmushi ya ce, "Baba Malam, da girmanka, nan ba aji ba ne. Tarihi muna girmama shi. Amma takarda ba ta san tarihi ba."

Wasu suka yi dariya. Sai wani mai shagon kayan gini, Badauri ne da ya daɗe yana zuwa zamanmu saboda matarsa Bakatsiniya ce, ya ce daga bayan aji, "Ranka ya daɗe, ina da tambaya. Ni shekara da shekaru ina gaya muku Daura ta girmi Katsina, ni ba Bakatsine ba ne, kuna cewa in yi muku shiru. Yau ke nan ni ne ɗan gida, Alhaji ne bare?"

Sakatare ya ce, "Daura yana cikin jiha."

Badaurin ya ce, "Tana. Tana cikin jiha. Ka gyara Hausarka tukuna kafin ka gyara mana asali."

Aka sake dariya, wannan karon daga ɓangarenmu. Daga nan magana ta rikice, kowa yana faɗin tasa. Wani ya ce ana rabon kujerun Makka da takin zamani ta hannun ƙungiyoyin jiha, mu muna nan muna riƙe da zumunci. Wani ya ce ai ba korar kowa za a yi ba, tsari ne kawai. Sai wani matashi da ban ma san shi ba, wanda bai fi wata biyu ko uku da fara zuwa ba, ya ce a lokaci irin wannan bai kamata a ce ƙungiya tana ɗauke da baƙon haure ba.

Ban san lokacin da na buga sandata a kan tebur ba. Mutumin da ya zo garin nan tun ana jin kukan kura a bayan tasha, wanda ya wanke gawarwakin iyayen rabin waɗanda ke zaune a ɗakin, shi ne wani yaro yake kira baƙon haure, manya suna ji, babu wanda ya ce masa kul. Na juya wajen sakatare.

Na ce, "Ɗana, ni na koyar da kai. Ka tuna taswirar da nake ratayewa, na nuna muku layin da ya ratsa tsakanin Jibiya da Maraɗi? Na ce muku wasu Turawa ne suka ja shi, ba su tambayi kakana ba, ba su tambayi kakan Alhaji ba. Layin nan yana gaya wa soja inda zai tsaya, yana gaya wa ɗan kwastan inda zai karɓi haraji. Ba shi da hurumin gaya mini wane ne ɗan'uwana. Idan kuna shakkar Alhaji Bakatsine ne, ku je kasuwa ku tambayi Banufiya mai kifi. Shekara nawa tana ce masa bawanta, ta taɓa neman fasfo ɗinsa tukuna?"

Ɗakin ya fashe da dariya har da tafi. Na zauna ina zaton an gama, domin a zamaninmu idan magana ta kai inda aka yi irin wannan dariya, to an sasanta ke nan. Ciyaman ya bari aka lafa, sa'an nan ya ce a ɗaga hannu. Hannayen da suka yi tafi yanzun nan, su ne suka tashi sama. Na bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya. Wasu suka kau da kai, wasu suna duba waya da ɗayan hannun. Da aka ce waɗanda ba su yarda ba, ni ne, da Badauri, da tsofaffin direbobi, da wasu 'yan tsiraru. Alhaji bai ɗaga ko ɗaya ba. Hannayensa suna kan gwiwoyinsa.

Sakatare ya sake miƙewa da fara'a, kamar wanda ya zo da albishir. Ya ce shugabanni sun yi tunanin Baba Alhaji, ba za su manta da hidimarsa ba. Sun yanke shawarar naɗa shi babban baƙon ƙungiya na dindindin. Za a ajiye masa kujera a gaba, duk lokacin da ya ga dama ya zo ya zauna. Sai dai ba zai yi magana a kan shawara ba, ba zai ɗaga hannu ba, kuma idan wani abu ya same shi, wanda ya so ya taimaka don kansa, amma ba da sunan ƙungiya ba.

Na yunƙura zan tashi, Alhaji ya dafa hannuna. "Zamna, Mushe. Ka yi naka."

Ya miƙe a hankali, ya gyara rigarsa. Ya ce, "Ɗana, ina da tambaya guda. Baƙo shina buɗe taro da addu'a?"

Sakatare ya duba takardarsa. "A tsari, Baba, sai mamba."

"To, wadda na yi ɗazu, ta karɓu, ko a sake?"

Ya jira kaɗan, kamar da gaske amsar yake nema. Sa'an nan ya ce Allah ya ba da alheri, ya ratsa tsakanin kujeru, waɗanda ke tsaye a bakin ƙofa suka buɗa masa. Na bi bayansa. A waje ya tsaya yana neman takalminsa cikin tarin takalma, ya daɗe bai gane nasa ba.

Mu Katsinawa muna alfahari da kara. Da ita ake yi mana kirari, da ita muke yi wa Kanawa gori. Na girma ina jin cewa Bakatsine zai haƙura da haƙƙinsa domin kada ya kunyata babba. Ranar nan na ga an sayar da ita a kan alkawarin buhun taki da ba a ma gani ba, kuma a Abuja aka yi cinikin, birnin da aka ce an gina shi domin kada kowa ya zama baƙo a cikinsa. Ba a taɓa tambayata jihata ba kamar yadda aka tambaye ni a garin nan. Za ka sa yaro makaranta, wace jiha. Za ka nemi fili, wace jiha. Maƙwabcin gonata a Sheda mutumin Gbagyi ne, waɗanda muke kira Gwarawa, kakanninsa suna noman doya a wurin tun ba a san za a yi wata Nijeriya ba. Mutanensa an watsa su tsakanin Neja da Kaduna da Nasarawa da birnin tarayya, shi kuwa idan aka ce wace jiha, sai ya tsaya yana bayani a kan ƙasar ubansa. Na daɗe ina ganin wannan, ina ɗauka larurar hukuma ce, tana ƙarewa a bakin ofis. Ban zaci za mu ɗauko ta da hannunmu mu shigo da ita inda muke zama mu yi wa matattunmu addu'a ba.

Labari ya riga mu isa kasuwa. Banufiya ba ta yi wa Alhaji wasa ba ranar, ta dai kawo masa ruwa ta ajiye. Bayan 'yan kwanaki ciyaman ya biyo layin da direbansa zai sayi kifi, ya ce mata, "Baiwata, zaɓo mini manya."

Ta dube shi sama da ƙasa. Ta ce, "Oga, kai ɗan jiha ne. Ni da Katsinawa nake wasa. Kifi kuma ga farashinsa nan, babu ragi."

Alhaji bai sake taka makarantar ba. Ya ci gaba da buɗe rumfa, amma awo ya fara kuɓuce masa, sai ya cika tiya ya tsaya yana kallonta. 'Yarsa ta Karu ta yi ta roƙon ya koma wajenta, da can yana ƙi, yana cewa ba ya barin mutanensa. Bayan damina ya yarda. Ya bar wa wani yaron kasuwa rumfar, muka raka shi tasha, ni da Badauri da direbobin nan. Ni kuwa tun ranar ƙuri'a ban koma zama ba, na kuma rantse ba zan koma ba. Muna jiran mota ta cika sai ya jawo ni gefe.

Ya ce, "Mushe, na ji an ce ka yi hushi ka bar zama."

Na ce, "Ba na zama inda aka tashe ka."

"Kai ɗan jiha ne, ba su iya tashe ka. In ka bar musu ɗakin, wa ya rage wanda ya san mahwari? Ka koma. Ka yi kaffarar rantsuwarka, ka koma."

Na yi kaffara na koma. Tsarin da suka rubuta da hannunsu ya ba kowane mamba damar kawo batu a ƙarshen zama, ni kuma ban bar damar nan ta wuce ni ba ko sau ɗaya. Idan sakatare ya ce ko akwai mai wata magana, sai in dogara sandata in miƙe, in ce ina neman a cire kalmar jiha daga sunan ƙungiya, a mayar wa Alhaji kujerarsa. Yara sukan yi gunaguni, wasu su fara tattara wayoyinsu. Ciyaman yakan ce, "Baba Malam, an ji." In ce ban nemi a ji ba, a ɗaga hannu na nema, tsarinku ne ya ce haka. Sai a ɗaga. Wani watan hannayenmu su ɗan ƙaru, wani watan su ragu, domin ɗaya daga cikin direbobin ya rasu, ɗaya kuma ƙafa ta hana shi fita. Takin da aka yi alkawari har yau ban ga wanda ya kai shi gona ba. Sakatare yana gaishe ni a durƙushe kamar da, ina amsawa, domin ɗan abokina tela ne, amma ban sake kiransa ɗalibina a gaban mutane ba.

Idan aka tashi nakan fito bakin makarantar in kira Alhaji a waya. Yanzu ba ya fita sosai, 'yarsa ce take miƙa masa. Bai taɓa tambayata yadda ƙuri'a ta kasance ba. Abin da yake tambaya shi ne wa ya buɗe da addu'a, kuma ko ya sa matattunmu a ciki. Nakan gaya masa gaskiya, cewa wani yaro ne, ya yi ta a gurguje, bai sa su ba domin bai san su ba. Sai ya ce in riƙe wayar da kyau. Ya yi tasa daga can Karu, yana ambatonsu ɗaya bayan ɗaya da muryar da ta fara rawa, ni ina tsaye ina cewa amin, 'yan jiha suna fitowa suna ratsa ni zuwa motocinsu.